Tankin Fiffiken Dama

Ƙauye, 9 ga Maris, 2003

Zuwa ga Yayata Smaranda,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya sanyin Oradea? Mama tana gaishe ki, ta ce ki riƙa naɗe wuyanki in za ki fita. Amsar wannan takarda ki aiko ta gidan maƙwabciyarmu Tanti Veta, kada ta faɗa hannun Baba. Kada kuma ki kira, wayar gidanmu ta tashi aiki. Baba ne ya maka ta da bango, wai ta yi ƙara yana tsakiyar awo.

Yaya, jirgin nan da kika bari cikin akwatuna shekara huɗu da suka wuce ya zama jirgi. Yana tsaye a tsohon ɗakin shanu da injinsa da tayoyinsa, in rana ta shigo ta tsagar katako har kashe ido yake. Tankunan mai guda biyu kaɗai suka rage, su ne kuma suka hana mu sakat. Ashe tankin ba wata jarka ba ce da ake cusawa, goshin fiffiken ne da kansa: fallen alminiyum a lanƙwashe, da haƙarƙari bakwai a ciki, da ɗaruruwan ƙusoshi. Kowace ƙusa sai an tsoma ta a danƙo kafin a buga, kowane haɗi sai an shafe shi da danƙo ta ciki, in ba haka ba fetur ya sami hanya. Ni nake auna danƙon a sikelin Mama na kicin, fari kashi goma, baƙi kashi ɗaya. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, in ya taɓa gashi kuwa sai almakashi. Ni ce kuma mai zura hannu ciki, don na maza ba ya wuce haƙarƙari na biyu.

Abu ɗaya ne Baba ba ya yafewa: maiƙo. Bayan an kankare ƙarfen an wanke shi da tina, ruwan nan mai cinye maiƙo, ko ɗan yatsa ɗaya mai maiƙo ya taɓa wurin, danƙo ba zai kama ba. Ran Laraba na ci mamaliga, tuwon masarar nan tamu, da man shanu, na shigo ban sake wanke hannu ba. Ya shinshina yatsuna, ya kife ni da mari, na faɗa kan bokitin ƙusoshi. Har yau kunnena na hagu yana kuka.

Akwai wanda ban ba ki labarinsa ba. Sunansa Horia, shi ke gyaran jikin jirage a filin kulob ɗin matuƙa jirgin sama. Yana zuwa duk Asabar ya taya Baba bugun ƙusa, don aikin na mutum biyu ne, ɗaya da bindigar ƙusa a waje, ɗaya ya tokare da dunƙulen ƙarfe ta ciki. Shekararsa ashirin da ɗaya, yana da ɗan tabo a gira, in yana aiki yana cije leɓe. Ban taɓa ce masa abin da ya wuce "ga shi" ba. A littattafan da nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa, yarinya kan ɗago ido su haɗa kallo. Ni kuwa in ya dube ni sai in duƙa ina tsintar ƙusoshin da ba su faɗi ba. Jiya ya karɓi kofin danƙo a hannuna, ya tsaya yana kallon yatsuna da tina ta tsattsaga.

"Gimbiyar danƙo," in ji shi, "wannan hannu ne ko ɓawon itace? Kakata ta shekara saba'in tana tonon dankali, nata ya fi naki laushi."

Ba da mugunta ya faɗa ba, dariya yake yi. Ni dai na koma ɗaki na yi kukana, sannan na ɗauko man wardin nan da kika aiko mini da Kirsimeti.

Asabar mai zuwa za mu rufe bangon bayan tankin dama, wadda ta biyo ta kuma na hagu. In an rufe, babu idon da zai sake ganin ciki.

Ina sumbatar ki a kumatu biyu.

Ƙanwarki,
Doina

*

Oradea, 17 ga Maris

Doina,

Na sami takardarki, ina lafiya. Ki gaida Mama da Tanti Veta.

Shafi biyu kika cika da danƙo da girar wani, mari kuma layi biyu kika ba shi. Kunnen da ke kuka kwana huɗu bayan duka ba abin wasa ba ne. Ki je wurin likita, ki faɗa masa abin da ya faru, ba "faɗuwa na yi" ba.

In kuna ɗakin shanu kada ki tsaya tsakanin Baba da teburin kayan aiki, kuma kullum ki san inda ƙofa take. Na fi ki sanin ɗakin nan.

Shi kuma mai tabon gira, namiji ne da ya ga fuskarki a kumbure ya ɓige da zancen hannu. Ki rage karatun nan, yana sa ki ganin basarake a cikin rigar bakanike. Da zarar an rufe makaranta ki taho wurina. Gadona ƙarami ne amma zai ɗauke mu, ke ai ba ki fi tsintsiya kauri ba.

Ki kula da kanki, tunda babu mai kula miki.

Yayarki,
Smaranda

*

Ƙauye, 13 ga Afrilu

Yayata,

Ina gaishe ki. Ki yi haƙuri da rubutun.

Mun rufe tankunan biyu, muka ba danƙo mako uku ya bushe saboda sanyi. Jiya aka yi gwaji. Ana toshe kowace ƙofa ta tankin, a ɗaura balan-balan a bakin bututun numfashi, a hura iska da famfon keke har balan-balan ta miƙe. In ta tsaya a cike, tanki ya kamu. Aka fara da na dama, ta tsaya ƙyam har muka ci abincin rana muka dawo. Baba ya zuba wa kansa da Horia giyar tsuika, har da dafa masa kafaɗa yana kiransa ɗana.

Sai na hagu. Muna kallo balan-balan ta fara sunkuyar da kai a hankali. Baba ya ɗauki buroshi ya shafa ruwan sabulu a layin ƙusoshin baya, sai ga kumfa tana tasowa, ba wuri ɗaya ba, tsawon tafin hannu biyu.

Ya tambayi wa ya wanke ƙarfen na hagu, alhali ya sani. Na dama shi ya wanke da kansa, na hagu Horia. Horia ya ce shi ne, sau uku ya bi shi da tina har ƙyalle ya fito fari. Ya ce abu ne mai gyaruwa, a yanka ɗan rami a bangon baya a sake shafawa.

"A yanka?" in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa. "Jirgina za ka yanka, ɗan mai tallan kabeji?"

Dunƙulen ƙarfen nan na tokare ƙusa yana kan tebur. Ban ga lokacin da ya ɗauka ba, ƙarar kawai na ji, kamar an fasa ƙwarya. Horia ya zube a gwiwa, ya dafe fuska, jini na bin tsakanin yatsunsa. Baba ya ƙara masa a ƙeya. Da ya faɗi ya miƙa hannu zai kama ƙafar tebur, sai Baba ya taka hannun da takalmin aiki, ya murza. Na ji ƙashi, Yaya. Mama ta shigo da gudu ta riƙe masa riga, ya yi jifa da ita ta bugi ƙofa. Ni ina tsaye rungume da famfon keke, ko yatsa na kasa motsawa.

Da ya gaji ya juyo yana haki, ya ga jini ya fantsama a jikin fiffiken. Ni ya daka wa tsawa in kawo ƙyalle in goge kafin ya ɓata ƙarfen. Na goge. Horia yana kwance a gefen ƙafata yana gurnani, ni ina goge fiffike.

Mijin Tanti Veta ne ya kai shi asibitin Brashov. Ɗan sandanmu ya zo da yamma, suka zauna da Baba a kicin da kwalba a tsakaninsu, aka rubuta cewa mariƙin fiffike ne ya faɗo masa.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ba Horia ba ne. Ranakun rufe tankin duka biyun na shafa man wardi tun da safe, har sau biyu, don in ya karɓi kofi ya ga hannuna da laushi. Na sa safar roba a kai, na ce babu komai. Amma safar tana yagewa a bakin haƙarƙari, kuma Baba yana tsaye a kaina yana ihu danƙo zai daskare, sai na cire ta na bi layin da yatsa tsirara ina laluben inda zan shafa. Na bi shi tun daga farko har ƙarshe.

Sau uku na buɗe baki zan faɗa. Ina tuna ƙarar nan sai harshena ya mutu. Me zan yi?

Ki yi mini addu'a, ko da kin daina zuwa coci.

Doina

*

Asibiti, Brashov, 22 ga Afrilu

Zuwa ga Doina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki ce wa mahaifiyarki ina sumbatar hannunta, na gode da miyar da ta aiko. Da hagu nake rubutu, kada ki yi dariya. Yatsu uku ne suka karye, da ƙashin kunci. Likita ya ce zan koma aiki, kyau ne dai ba zan ƙara ba, dama can babu yawa.

Ƙanwata, na san abin da ya faru. Na ji ƙamshin wardi tun ranar tankin dama. Na ga safarki a hannu na ce ba komai, ban ga lokacin da kika cire ba sai a na hagu, kuma a lokacin mahaifinki ya riga ya ɗora bangon. Da na yi magana a gabansa, ke zai kama. Kuma ni na ja da shegen bakina, da zancen kakata. Saboda haka kada ki ɗauki nawa ki ɗora wa kanki.

Amma akwai abin da ya hana ni barci. Na hagu zai gyara, tunda ya nuna kansa. Na dama ne matsala. Danƙon yana zaune a kan maiƙo, bai kama ƙarfe ba. Zai riƙe iskar famfon keke a ɗakin shanu. Ba zai riƙe fetur lita tamanin ba in fiffike na girgiza a sama, kuma layin nan yana kusa da inda wayoyi suka bi. Na aika masa da saƙo, ya ce ramuwa nake nema, wai na dama da hannunsa ya wanke. In na gaya wa mai duba jirage, zai hura iska ya ga balan-balan a tsaye ya sa hannu.

Ban ce ki faɗa ba. Na ga abin da hannunsa ke yi. In kin yanke za ki faɗa, kada ki yi ke kaɗai, kuma kada ki yi a ɗakin shanu.

Ki huta lafiya.

Horia

*

Oradea, 30 ga Afrilu

Doina,

Gaisuwa. Na karanta taki, na karanta ta Horia da kika haɗo. Na janye abin da na faɗa a kansa.

Ki saurare ni da kyau. Ki yi shiru.

Kina da shekara goma sha biyu aka ce miki na faɗo daga tsani na karya muƙamuƙi. Babu wani tsani. Rami ɗaya na huda a karkace a jikin wutsiyar jirgin nan, ɗaya tak, Baba ya ɗauki sifana. Mako shida ina shan miya da tsinke, haƙorana ɗaure da waya, Mama tana cewa in yi haƙuri, aikin ne ya yi masa yawa. Kin taɓa tambayar kanki me ya sa sai kin tsaya ta daman Mama take jin maganarki?

An faɗa wa Baba gaskiya ya ƙi ji. Wannan tsakaninsa ne da jirginsa. Shekara huɗu yana dukan mutane saboda shi, to ya hau abinsa. Wataƙila tankin ya riƙe, wataƙila kada ya riƙe. Ke dai ba ki kunna wa kowa ashana ba, mai kika shafa a hannu kamar kowace yarinya.

Na san za ki ce na zama dutse. A ɗakin da nake aiki ina wanke matan da aka kawo daga gidaje irin namu, wasu ba sa komawa. In kika faɗa masa, ke za a kawo mini. Na zaɓe ki.

Ki ƙona wannan takarda.

Smaranda

*

Gidan Tanti Veta, 12 ga Mayu

Yayata Smaranda,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙon ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Na bi maganarki kwana goma. Muka yanka na hagu muka gyara, da hannu wankakke wannan karon, gari kuma ya yi ɗumi danƙon ya bushe da wuri. Mai duba jirage ya zo ya hura iska ya sa hannu, ya sha kofi ya tafi. Baba ya riƙa fito yana aske gemu. Ran Alhamis ya sayo wa Mama takalmi, ya ce da shi za ta tsaya a fili ta ga tashinsa. Ni kuwa in na rufe ido sai in ga wani abu yana faɗowa da wuta a gonar masara, mutane na gudu, ni kaɗai na san dalili. Na gane zan iya rayuwa babu shi, Yaya. Abin da ba zan iya ba shi ne in yi shekara sittin ina sane.

Shekaranjiya Asabar mutanen kulob su huɗu suka zo da tirela za su kai fukafukan fili, har da dattijo Anatol, shugabansu. Aka fito da fiffiken dama tsakar gida aka ɗora a kan bencinan katako. Na ce ga mutane, ga waje, yanzu zan faɗa. Na je gaban Baba na buɗe baki. Ya ce in kauce ina tare masa hanya. Na kauce.

Kin san ni da magana. Sai na zaga bayan kicin na ciro gatarin faskare daga kututture. Babu wanda ya kula da ni har na isa. Na ɗaga da hannu biyu na sauke a goshin tankin. Na farko ya zame ya yi tsalle. Na biyu ya shige har ƙota. Na uku na ja shi ƙasa, ƙarfen ya yage da wani irin kuka, kaji suka watse.

Sannan bakina ya buɗe. Na ce, "Ni ce. Mai na shafa a hannu. Duka biyun na taɓa. Ba Horia ba ne."

Baba ya yi kukan kura ya iso ni kafin su farga. Ya damƙi gashina ya buga kaina a tayar tirela, ya murɗe hannuna na hagu ta baya har na ji ya ɓalle a kafaɗa. Na faɗi, ya sa ƙafa a haƙarƙarina. Mutum biyu suka rirriƙe shi ya watsar da su. Ya sunkuya zai ɗauki gatarin.

Mama ce ta tsayar da shi. Ta fito da shebur ɗin kwashe taki, ta sauke masa a tsakiyar baya, ta sake ɗagawa ta ba shi a gefen kai. Ya zauna daɓas a ƙasa, kunnensa na zubar jini, yana kallon ta kamar bai taɓa ganin ta ba. Ta tsaya a kaina da shebur a sama. Sabon takalmin nan ne a ƙafarta.

Dattijo Anatol bai ko dubi faɗan ba. Ya naɗe hannun riga ya zura hannu ta inda na yaga, ya laluba, ya jawo. Danƙon ya biyo hannunsa zare guda, tsawon kamu biyu, kamar fatar da ke kan madara in ta huce. Ƙarfen ƙarƙashinsa fes, ko ɗigo bai kama ba. Ya je ya ajiye shi a cinyar Baba.

"Traian," ya kira Baba da sunansa, "da wannan za ka tashi gobe. Ka duba da kyau, sannan ka dubi wadda ka karya."

Baba ya juya danƙon a hannunsa ya daɗe. Bai dube ni ba. Da ya buɗe baki, tambaya ya yi ko sabon fallen goshi zai iso kafin kaka.

An ɗaure mini kafaɗa, haƙarƙari biyu sun tsage, in na yi tari ina ganin taurari. Wannan karon mutum huɗu ne suka gani, kuma dattijo Anatol da kansa ya kai magana birni, ba wurin ɗan sandanmu ba. Ni da Mama muna gidan Tanti Veta. Mama ta koma sau ɗaya da rana tare da mijin Tanti, ta ɗauko takardunmu da hoton Kaka.

Horia ya aiko da gaisuwa. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta rubuta masa, kuma daga yadda ta ja layi a ƙarƙashin sunanta na gane sauran. Na yi kuka kaɗan, da ciwo, don haƙarƙarin ba sa barin mutum ya yi da yawa.

Kin ce kin zaɓe ni. Ni ban zaɓe shi ba, Yaya. So nake ya rayu, kuma kada in sake ganin sa. Ban sani ba ko ana iya son abu biyun nan tare, amma haka nake ji.

Gadon naki zai ɗauki mutum uku?

Ƙanwarki mai son ki,
Doina

*

Oradea, 16 ga Mayu

Doina,

Gaisuwa, mai taurin kai.

Ban gama fushi da ke ba, kuma ba na jin zan gama da wuri. Gadon ba zai ɗauki uku ba, ni zan kwana a ƙasa.

Ku hau jirgin ƙasa na safiyar Alhamis. Kada ki ɗauki jaka da wannan kafaɗar. Zan tsaya a bakin tasha.

Ki ce wa Mama na ji labarin shebur. Ki faɗa mata da ƙarfi.

Yayarki,
Smaranda